Anton de Bary: Likitan da ya bar duba marasa lafiya ya gano yadda halittu ke zama a jikin juna

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa a gona ya san ƴan ƙulle-ƙullen nan da ke manne a jikin saiwa. Yara kan murje su da yatsa, su ga cikinsu ja-ja. Ɗakuna ne da tsiron ya gina wa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Yana ciyar da su, su kuma suna jawo masa sinadarin azot daga iska, sinadarin da manomi ke kashe kuɗi a kansa duk lokacin da ya sayi takin zamani. Irin wannan zama na halittu biyu mabambanta a wuri guda shi ne masana ke kira simbiyos. Wanda ya kafa wannan kalma a fagen ilimi, ya ba ta ma'anar da ake aiki da ita har yau, wani Bajamushe ne mai suna Heinrich Anton de Bary. Ta hanyar nazarin cutar amfanin gona ya iso wannan tunani, kuma wannan asali ya bar alama a kan duk abin da ya faɗa daga baya.

An haife shi a birnin Frankfurt ranar 26 ga watan Janairun 1831, ɗaya daga cikin ƴaƴa goma na wani likita. Sunan gidan ya yi kama da na Faransawa ne saboda kakanninsa sun fito daga yankin Waloniya, a ƙasar Beljiyam ta yau. Tun yana yaro ya shiga cikin masu yawon tattara ganyaye a bayan gari, inda wani likita mai koyar da ilimin tsirrai, Georg Fresenius, ya koya masa duba fumfuna da gansakuka ta madubin ƙara girma. Ya karanci likitanci a Heidelberg da Marburg da Berlin, ya kammala a 1853. Sai dai kundin da ya rubuta don samun digirin likita bai taɓo jikin ɗan Adam ba, a kan yadda tsirrai ke hayayyafa ya yi shi. Ya koma gida ya fara duba marasa lafiya, bai daɗe ba ya ajiye. A 1855, yana ɗan shekara 24, aka ba shi kujerar koyar da ilimin tsirrai a jami'ar Freiburg.

Cutar da ta kori mutane daga ƙasarsu

Sai an san abin da masana suka yarda da shi a wancan zamani sannan za a gane girman aikinsa. Idan baƙin gari ya cika zangarniya, irin wanda manoman ƙasar Hausa ke kira burtuntuna a jikin dawa da gero, ko kuma jan tsatsa ya hau ganyen alkama, manyan malamai da yawa cewa suke yi ruwan jikin tsiron ne ya lalace ya fito waje, kamar yadda ƙuraje ke fesowa a fatar mutum. A ganinsu fumfunar da ake gani sakamakon cuta ce, tana tsirowa da kanta daga ruɓaɓɓen abu. Wasu ƴan tsiraru sun musanta haka tun kafin de Bary, amma ba a saurare su ba. A shekarar da ya zama likita, yana ɗan shekara 22, ya fitar da littafi a kan burtuntuna da tsatsar hatsi, inda ya tsaya kan cewa halittu ne masu rai, masu irinsu, waɗanda ke shiga tsiro daga waje su ci shi.

Wannan gardama ba ta tsaya a zauren malamai ba, rayukan mutane na cikinta. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a nahiyar Turai. Ganye ya yi baƙi cikin ƴan kwanaki, dankalin ya ruɓe a ƙasa yana wari. A tsibirin Ailan, inda talakawa suka dogara kusan kacokan da dankali, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan guda cikin ƴan shekaru, wasu aƙalla miliyan guda kuma suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Ingila da Kanada. Cutar ba ita kaɗai ta yi wannan ɓarna ba: a ƙarƙashin mulkin Birtaniya an ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin alhali mutane na mutuwa. Amma game da abin da ya ruɓar da dankalin, kowa da nasa zance. Wasu suka ce yawan ruwan sama ne, wasu suka ce ƙasa ce ta gaji. Wani limamin coci a Ingila mai nazarin fumfuna, Miles Berkeley, ya ɗora laifin a kan farar fumfunar da ke bayan ganyen, sai dai ba shi da gwajin da zai rufe bakin masu musu.

De Bary ne ya yi gwajin. Ya ɗebi ƙurar irin fumfunar ya zuba a kan lafiyayyen ganye, ya bar wani ganyen ba tare da ita ba, duka a cikin danshi iri ɗaya. Wanda aka zuba wa ya kamu, ɗayan ya tsira. Ya zauna a gaban madubi yana kallon yadda ƙwayar irin ke fashewa cikin ɗigon ruwa, ƴan mitsi-mitsin halittu su fito suna iyo, su tsaya, su fitar da zare ya huda fatar ganyen. Ya nuna cewa ruwan sama na wanko irin daga ganye zuwa cikin ƙasa ya kama dankalin, kuma cutar na kwana a cikin dankalin da aka ajiye don shuka ta baɗi. Ya wallafa wannan a 1861, shekara goma sha biyar kafin Robert Koch ya nuna cewa bakteriya ce ke haddasa wata cutar dabbobi. Ana yawan jingina ilimin ƙwayoyin cuta ga Pasteur da Koch, amma a fannin tsirrai de Bary ya riga ya tabbatar da batun. A 1876 ya raɗa wa halittar sunan da take ɗauke da shi har yau, Phytophthora infestans, wanda kalmarsa ta farko ke nufin mai hallaka tsiro.

Bayan dankali sai alkama. Manoman Turai sun daɗe suna zargin wani ɗan icce mai ƙaya da ake kira barberi, suna cewa duk gonar da ke kusa da shi tsatsa na cin ta, har wasu garuruwa suka kafa dokar sare shi. Masu ilimi na ɗaukar zancen camfin ƙauye. A 1865 de Bary ya nuna cewa manoman ne ke da gaskiya. Tabon da ke jikin ganyen barberi da tsatsar da ke jikin alkama, waɗanda aka ba sunaye daban-daban a littattafai, halitta ɗaya ce mai gida biyu: tana yin wani ɓangare na rayuwarta a nan, ta ƙarasa a can. Abin da ya ɗauka daga wannan aiki shi ne ba a fahimtar halitta sai an bi ta daga ƙwayar iri zuwa ƙwayar iri, an kuma san a jikin wa take kwana.

Rigimar ɓawon dutse

Akwai wani abu da ke manne a kan duwatsu da jikin itatuwa kamar busasshen ɓawo, wani toka-toka, wani ruwan ɗorawa, wani kore. Turawa na kiransa liken. Shekaru aru-aru ana lissafa shi a matsayin tsiro guda mai zaman kansa. A wani littafi da ya fitar a 1866, de Bary ya kawo shakku: ya ce mai yiwuwa wasu daga cikinsu gansakuka ce da zaren fumfuna ya ratsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya ɗauki zancen ya kai shi ƙarshe. Daga 1867 ya fara bayyana cewa kowane liken haɗin halittu biyu ne, fumfuna da gansakuka. Gansakukar na haɗa abinci da hasken rana, fumfunar na lulluɓe ta tana ci daga abin da ta haɗa. Schwendener ya kwatanta abin da zaman ubangida da bawa.

Tsofaffin masana liken suka yi ca a kansa. Babban cikinsu, William Nylander ɗan ƙasar Finlan, bai yarda ba har ya mutu. Fushinsu na da dalili. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana jera waɗannan halittu gida-gida, sai a wayi gari a ce masa abin da yake jerawa ba halitta ɗaya ba ce. Ban da haka, tsarin rarraba halittu gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa kowane mai rai guda ne, mai iyaka, mai suna ɗaya.

Daga ɗakin binciken de Bary aka samo hujjar da ta yanke gardamar. Ɗalibinsa Max Reess, a 1871, ya shuka ƙurar irin fumfunar liken a kan gansakukar da ke zaune ita kaɗai, ya ga jikin liken ya fara haɗuwa. Wani ɗalibin nasa, Ernst Stahl, ya ƙara gaba da irin wannan gwaji a 1877. Abin da ya fi jan hankalin malamin nasu shi ne siffar da ke fitowa. Fumfunar ita kaɗai ba ta da wannan kama, gansakukar ma haka. Haɗuwarsu ce ke haifar da jiki na uku, wanda ke iya rayuwa a kan tsuran dutse inda ko ɗaya daga cikinsu ba zai daɗe shi kaɗai ba.

A tsakanin nan rayuwarsa ta sauya wuri sau biyu. Ya auri Antonie Einert a 1861, suka haifi ƴaƴa huɗu. A 1867 ya koma jami'ar Halle, ya kuma shiga aikin editan mujallar Botanische Zeitung, babbar mujallar ilimin tsirrai a Jamus. Bayan yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamus ta ƙwace yankin Alsace daga Faransa, ta sake buɗe jami'ar Strasbourg a 1872 don ta zama abin nuna ƙarfin iliminta a ƙasar da ta ci da yaƙi. De Bary ne aka naɗa shugabanta na farko.

Jawabin Kassel

A 1878, a taron masana kimiyya da likitocin Jamus da aka yi a birnin Kassel, ya gabatar da jawabin da aka buga a ɗan ƙaramin littafi a shekarar da ta biyo. Ba shi ya fara ƙirƙiro kalmar ba. Shekara guda kafin nan wani masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, ya yi amfani da makamanciyarta. Amma ma'anar de Bary ce ta zauna: zaman tare na halittun da ba jinsi ɗaya ba.

Faɗin ma'anar shi ne muhimmin abu a cikinta. A yau da yawa kan fassara simbiyos da zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, wato kowa na amfana. De Bary bai taƙaita ta haka ba. A wurinsa cutar dankali ma zaman tare ce, liken ma haka, bambancinsu na mataki ne. A wani gefe akwai baƙon da ke kashe mai masaukinsa, a ɗaya gefen akwai biyun da ba sa iya rabuwa, a tsakani kuma akwai matakai da ba su ƙirguwa. Makiyayi ya san haka daga carki: yana cire wa saniya kaska, amma in ya samu gyambo sai ya zauna yana tsattsagarsa. Mutumin da ya shafe shekara ashirin da biyar yana kallon fumfuna na cin ganye ba zai yi saurin ɗaukar kowane zaman tare a matsayin zumunci ba, kuma bincike na baya ya nuna wannan taka-tsantsan nasa daidai ne.

Misali ɗaya daga gonakin Maraɗi da Damagaram ya isa. Saiwar gero da dawa na fitar da wani sinadari cikin ƙasa. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa wannan sinadari kira ne ga wata fumfuna mai amfani, wadda ke shiga saiwa ta riƙa kawo mata sinadarin fosfor daga nesa, ita kuma ta samu sukari. Shi wannan kiran dai shi ne ke tayar da ƙwayar ƙuduji daga barci, ta tsiro ta maƙale a saiwar ta shanye ta. Idan ƙasa ta rasa fosfor, tsiron na ƙara yawan sinadarin, wanda yana cikin dalilan da suka sa ƙuduji ya fi addabar gajiyayyar gona. Ƙofa ɗaya ce aboki da ɓarawo ke bi.

Abu na biyu da ya fito da shi a Kassel shi ya fi nisan tasiri. Littafin Charles Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito a 1859, kuma abin da mutane suka fi riƙewa daga cikinsa shi ne gasa: halittu na kokawar rayuwa, wanda ya fi dacewa da muhalli ya bar zuriya, canji na taruwa kaɗan-kaɗan. De Bary bai yi jayayya da Darwin ba. Ya dai nuna cewa zaman tare na canza siffar masu zaman, kuma canji ne da za a iya gani a ɗakin gwaji ba sai an jira dubban shekaru ba. Cikin misalansa akwai azola, wani ɗan tsiro da ke yawo a saman ruwa, wanda kowane ganyensa ke da rami da wata halitta mai kama da gansakuka ke zaune a ciki, tana kuma bin zuriyarsa daga uwa zuwa ɗiya. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun daɗe suna amfani da azola a matsayin taki, domin baƙuwar da ke cikinsa na kamo azot daga iska. Tambayar da jawabin ya bari a buɗe ita ce: idan zaman ya yi tsawo har biyun ba sa rabuwa, a wane lokaci ne za a daina ƙirga su biyu?

Abin da ɗalibai suka ɗauka

Ɗakin bincikensa ya tara matasa daga Rasha da Ingila da Faransa da Amurka da Japan. Mikhail Woronin, wanda ya yi aiki da shi a Freiburg, shi ne a 1866 ya ga ƙananan halittu cunkushe cikin ƙulle-ƙullen saiwar dangin wake. Alexis Millardet, wani tsohon ɗalibinsa Bafaranshe, shi ya fito da haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa da ake fesa wa inabi, wanda daga baya ya zama maganin cutar dankali. Sergei Winogradsky ya fara a Strasbourg aikin da ya buɗe ilimin bakteriyar ƙasa.

A 1883 wani matashi haifaffen Strasbourg da ya yi karatu a can, Andreas Schimper, ya wallafa bincike a mujallar da de Bary ke edita. Ya lura cewa ƴan koren ƙwayoyin da ke cikin ganye, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana, ba a ƙera su sabbi: tsofaffin ne ke rabewa biyu, kamar yadda bakteriya ke yi. A ɗan rubutun ƙasan shafi ya ce in haka ne, mai yiwuwa koren tsiro kansa haɗi ne na halitta marar launi da wata mai kore. Ma'anar wannan ita ce kowace bishiya da kowane karan dawa liken ne da ya yi nisa.

De Bary bai ga inda wannan zance ya kai ba. Ciwon daji ya kama shi a muƙamuƙi, aka yi masa babbar tiyata, ya rasu a Strasbourg ranar 19 ga watan Janairun 1888, saura mako guda ya cika shekara 57. A cikin wannan shekara ce wani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware bakteriyar da ke cikin saiwar dangin wake ya rene ta ita kaɗai. Danginta ne ke zaune a saiwar gawo, kuma suna cikin dalilan da suka sa gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa.

Tunanin Schimper ya sha wahala kafin a karɓe shi. Wani Barashe, Konstantin Mereschkowski, ya faɗaɗa shi a 1905. A shekarun 1920 wani Ba'amurke, Ivan Wallin, ya ce haka abin yake ga mitokondiriya, wato ƴan ƙwayoyin da ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi a cikin dabba da mutum da tsiro. Aka yi watsi da su duka biyun, kuma gwaje-gwajen Wallin na da kurakurai da suka sauƙaƙa hakan. Sai a farkon shekarun 1960 aka gano cewa waɗannan ƙwayoyi na da nasu kundin gado na DNA daban da na jikin da suke ciki. A 1967 wata matashiyar masaniya a Amurka, Lynn Margulis, ta tattara hujjojin a maƙala guda, wadda mujallu kusan goma sha biyar suka ƙi bugawa kafin ta samu shiga. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, da aka iya karanta kundin gadon aka kwatanta shi da na bakteriya, gardamar ta mutu. Abin da ake koyarwa yau a jami'o'i shi ne mitokondiriya zuriyar wata bakteriya ce da ta shiga cikin wata halitta fiye da shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce, ba ta fita ba. Kowane mutum daga mahaifiyarsa yake gadonta. Masana na lissafa wannan haɗuwa, da ta koren ƙwayoyin ganye, cikin manyan sauye-sauyen da suka taɓa faruwa a tarihin rayuwa, kuma dukansu ta hanyar shigar wata halitta cikin wata suka zo.

Ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro na ɗauke da irin wannan tarihi. A 1996 aka tabbatar da cewa a cikinta akwai ragowar wata gansakuka da kakanninta suka haɗiye tun fil azal. Ta daina haɗa abinci da rana, ta rasa korenta, amma ƙwayar cutar ba ta rayuwa in babu ita. Da yake asalin wannan ragowa daga bakteriya yake, wasu magungunan kashe bakteriya na kama ta. Doxycycline, wanda likitoci kan rubuta wa matafiya masu zuwa yankunan sauro don rigakafi, a nan yake yin aikinsa.

Cutar dankalin da de Bary ya bi diddiginta ba ta gushe ba, har yanzu tana cin gonaki a Turai da Afirka da Asiya, ana kashe maƙudan kuɗi wajen feshi kowace shekara. Binciken baya ya nuna ma ba fumfuna ba ce ta haƙiƙa, ta fi kusa da wasu gansakukan teku. Sunan da ya ba ta dai bai canza ba, kuma a ƙa'idar masana tsirrai duk inda aka rubuta shi cikakke, ana ƙarasawa da sunan de Bary.